Zalunci ɗaya ya isa ya haɗa kan waɗanda aka zalunta? Labarin Indiyawa da baƙaƙen fata a Afirka ta Kudu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina jin ana cewa duk wanda ba Bature ba ɗan'uwan baƙar fata ne a yaƙi da wariyar launin fata, tunda bulala ɗaya ce ta dake su. Sai kuma na ji labarin unguwar Phoenix a Afirka ta Kudu, inda aka kashe baƙaƙen fata a unguwar Indiyawa a shekarar 2021. Shin wannan haɗin kai ya taɓa wanzuwa kuwa, ko dai magana ce ta 'yan boko kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Haɗin kan ya wanzu, ɗan'uwa, kuma akwai waɗanda suka biya kuɗinsa da shekarun ƙuruciyarsu a gidan yari, wasu ma da rayukansu. Sai dai a cikin maganar da ka daɗe kana ji akwai wurin da ke buƙatar gyara, wato inda aka ce bulala ɗaya ce ta dake su. Hannun da ke riƙe da bulalar ɗaya ne, amma da gangan ya bambanta dukan, ya tsananta wa wani, ya ɗan sassauta wa wani, domin kowa ya riƙa kallon bayan ɗan'uwansa yana ƙirga wanda ya fi shan tabo. Tunda Afirka ta Kudu ka ambata, a can zan tsaya, don babu ƙasar da wannan al'amari ya fito fili kamar ita.

Indiyawa sun fara sauka a Durban a watan Nuwamba na 1860, cikin jirgin ruwa mai suna Truro da ya taso daga Madras. Turawan Ingila masu gonakin rake a yankin Natal ne suka buƙace su, domin Zulu a lokacin suna da ƙasarsu da shanunsu, ba su ga dalilin zama leburorin wani ba. Daga wannan shekara zuwa 1911 an kawo mutum kimanin 152,000 a kan yarjejeniyar ƙwadago ta shekara biyar biyar, wadda a aikace ba ta da nisa da bauta. Bayan su ne 'yan kasuwa suka biyo da kuɗin jirginsu, akasarinsu daga Gujarat, da yawansu Musulmi. Ka riƙe wannan bambanci, domin zai dawo: mafi yawan Indiyawan Natal jikokin masu saran rake ne, talakawa, amma fuskar da baƙar fata ya fi gani kullum ita ce ta mai kanti.

Shi kansa Gandhi, wanda ya iso ƙasar a 1893 aka kuma jefo shi daga jirgin ƙasa a tashar Pietermaritzburg saboda launinsa, bai fara gwagwarmayarsa da neman daidaito ga kowa ba. A rubuce-rubucensa na farko kukansa shi ne an ƙasƙantar da Ba'indiye an haɗa shi da baƙar fata, kuma ya yi amfani da kalmar cin mutuncin da Turawa ke kiran baƙaƙe da ita. A boren Zulu na 1906, wanda ake kira boren Bambatha, ya jagoranci masu ɗaukar majinyata a ɓangaren Turawa, ko da yake Zulun da aka raunata su ma sun samu jinya a hannunsu. Saboda wannan tarihi ne aka cire mutum-mutuminsa daga Jami'ar Ghana a watan Disamba na 2018, bayan koken malamai da ɗalibai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, sansanin da Gandhi ya kafa a Phoenix, kusa da Durban, a 1904 maƙwabcin makarantar Ohlange ne, wadda John Dube ya kafa a Inanda, shi Dube kuwa shi ne ya zama shugaban farko, a 1912, na ƙungiyar baƙaƙe da daga baya ta rikiɗe ta zama ANC. Manyan mutane biyu, gwamnati ɗaya ke danne jama'arsu, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu, amma kowa gwagwarmayarsa daban. Da a ce wahala kaɗai na haɗa kai, da tun a nan aka haɗu.

Duk wanda ya tashi a gidan da maigida ke bambanta cefane tsakanin matansa ya san yadda abin yake. Wadda aka tauye ba kasafai take fuskantar maigidan ba, don ba ta da iko a kansa, sai ta juya kan kishiya. Wadda aka ɗan fifita kuwa tana kwana da fargabar kada a mayar da ita matsayin waccan, sai ta manne wa maigida. Haka gwamnatin Turawa ta tsara ƙasar, musamman bayan jam'iyyar National ta hau mulki a 1948. Dokar rajistar jama'a ta 1950 ta raba mutane aji aji: Turawa a sama, baƙaƙe a ƙasa, a tsakiya kuma Indiyawa da waɗanda ake kira Kalad, wato ruwa-biyu da zuriyar bayin da aka kawo yankin Cape da kuma 'yan asalin Khoisan. Baƙar fata ne aka tilasta wa yawo da takardar fasfo a cikin ƙasarsa, shi aka ƙuntata wa mallakar ƙasa, tun dokar 1913 da ta bar masa kimanin kashi 7 cikin ɗari, wadda aka ƙara zuwa kashi 13 a 1936. Ba'indiye na iya samun lasin ɗin kanti ko na motar haya a inda aka hana baƙar fata, amma shi ma ba ya jefa ƙuri'a, an hana shi zama a jihar Orange Free State, kuma har zuwa 1961 gwamnati ba ta yarda cewa shi ɗan ƙasa ne na dindindin ba, burinta a mayar da shi Indiya. A yammacin Cape kuma aka yi tsarin fifita Kalad a kan baƙar fata wajen ɗaukar aiki. Kowa an ba shi abin da zai ji tsoron rasawa, an kuma nuna masa wanda zai zarga.

Sauyi ya fara ne lokacin da sababbin shugabanni suka karɓi ƙungiyoyin Indiyawa daga hannun manyan 'yan kasuwa masu lallashin gwamnati. A 1946 aka yi dokar da ta taƙaita wa Indiyawa sayen fili, sai Dokta Yusuf Dadoo da Dokta Monty Naicker suka jagoranci bijirewa ta lumana, inda mutum kimanin 2,000 suka shiga kurkuku da ƙafafunsu, cikinsu har da mata da likitoci da leburori. A shekarar ce kuma Indiya ta kai ƙarar Afirka ta Kudu gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 9 ga Maris 1947 su biyun suka sa hannu a yarjejeniyar aiki tare da Dokta A. B. Xuma, shugaban ANC, wadda aka fi sani da yarjejeniyar likitoci uku. Kada ka ɗauka kowa ya yi murna. Nelson Mandela, yana matashi a reshen samari na ANC, yana cikin masu adawa da haɗa gwiwa da Indiyawa, don yana tsoron masu ilimi da kuɗi za su ƙwace ragamar gwagwarmayar, kuma shi da kansa ya faɗi haka daga baya. Abin da ya fara karya masa wannan ra'ayi shi ne ganin mutane sun bar karatu da sana'a sun tafi gidan yari.

Ba a cika shekara biyu da wannan yarjejeniya ba Durban ta kama da wuta. Ranar 13 ga Janairu 1949 wani mai kanti Ba'indiye ya doki wani yaro baƙar fata a kusa da kasuwa, yaron ya ji rauni a ka, jita-jita ta bazu cewa an kashe shi. Cikin kwana uku aka kashe mutum 142: baƙaƙe 87, Indiyawa 50, Bature ɗaya, da huɗu da ba a gane su ba, sama da 1,000 suka ji rauni, aka ƙona gidaje da kantuna masu yawa. Da yawa daga baƙaƙen da suka mutu harsashin 'yan sanda da sojoji ne ya kashe su, kuma shaidu sun ba da labarin Turawa da suka tsaya suna zuga masu kai hari. Inda abin ya fi muni shi ne Cato Manor, wadda Zulu ke kira Umkhumbane. A can Indiyawa ne ke da filaye, baƙaƙen da suka kwararo birni neman aiki lokacin yaƙin duniya na biyu kuma doka ta hana su mallaka, sai suka kama hayar fili suka kafa bukkoki. Mai fili Ba'indiye, mai kanti Ba'indiye, mai motar da ke kai ka aiki Ba'indiye. Wanda ya rubuta dokar da ta jawo haka yana zaune a unguwarsa a kan tudu, babu mai ganinsa, balle ya kai masa hannu. Waɗanda aka kashe aka kuma kora daga gidajensu kuwa akasarinsu talakawan Indiyawa ne da ba su da kanti ko mota.

Ba na son a karanta wannan a ce duk laifin Bature ne, a wanke kowa. Akwai 'yan kasuwar da suka tsawwala farashi a lokacin ƙarancin abinci, akwai raini na gaske da baƙaƙe suka sha a kantuna da motoci, akwai kuma waɗanda suka kashe maƙwabtansu da hannunsu, alhakin jinin yana wuyansu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwamnati ce ta gina bangon da tsagarsa, amma an samu masu faɗaɗa ta daga ɓangarorin biyu. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne abin da shugabannin suka yi bayan an binne gawarwaki. Maimakon kowa ya koma ya kare nasa, a watan Fabrairu na wannan shekara suka zauna tare a Durban, suka fitar da matsaya ɗaya da ta ɗora tushen fitinar a kan dokokin wariya.

Daga nan aka shiga shekarun da haɗin kan ya fi ƙarfi. Ranar 26 ga Yuni 1952 ANC da ƙungiyar Indiyawan Afirka ta Kudu suka fara gangamin karya dokokin zalunci, Mandela ne shugaban 'yan sa-kai, Maulvi Cachalia mataimakinsa. Dabarar ita ce kowa ya karya dokar da aka yi don raba shi da ɗan'uwansa: Ba'indiye ya shiga unguwar baƙaƙe ba da izini ba, baƙar fata ya bi ta ƙofar Turawa a tashar jirgi. An kama sama da mutum 8,000, mambobin ANC suka kai kimanin 100,000. A watan Yuni na 1955 wakilai kimanin 3,000 suka taru a Kliptown suka amince da kundin 'yanci, wanda ya ce ƙasar ta duk mazaunanta ce. Ranar 9 ga Agusta 1956 mata kimanin 20,000 suka yi tattaki zuwa fadar gwamnati a Pretoria don ƙin dokar fasfo, a gabansu mata huɗu: Lilian Ngoyi, Rahima Moosa, Sophia Williams da Helen Joseph, wato baƙa, Ba'indiya, Kalad da Baturiya. Ka lura cewa ukun ƙarshe babu wadda dokar fasfo ta shafa. Duk da haka ba a rasa masu ja ba, domin a 1959 Robert Sobukwe da mutanensa suka ɓalle suka kafa tasu ƙungiyar, PAC, suna ganin wannan ƙawance ya dusashe muryar baƙar fata. Ita kanta ANC ba ta buɗe ƙofar zama mamba ga waɗanda ba baƙaƙe ba sai a taron Morogoro na 1969, kuma ba su samu shiga kwamitin ƙoli ba sai a taron Kabwe na 1985.

Gwamnati ta fahimci haɗarin, ta kuma mayar da martani da taswira. A ƙarƙashin dokar raba unguwanni ta 1950 aka ayyana Cato Manor yankin Turawa, aka kwashe baƙaƙe zuwa KwaMashu da Umlazi, Indiyawa zuwa Chatsworth, daga baya kuma Phoenix. A Cape Town an yi wa unguwar District Six haka a 1966, aka fitar da sama da mutum 60,000. Mutanen da a da suke faɗa amma suna jin harshen juna, suna cin kasuwa ɗaya, yanzu an sa titi ko kogi ko fili a tsakaninsu, makaranta daban, asibiti daban. An kuma dasa unguwannin Indiyawa a tsakanin na baƙaƙe da na Turawa, kamar katanga. Yaron da aka haifa a Phoenix zai iya girma bai taɓa shiga gidan Bazulu ba, alhali yana hango rufin Inanda daga ƙofar gidansu.

A cikin wannan duhu ne wasu suka biya farashi mafi tsada. Imam Abdullah Haron, limamin wani masallaci a Claremont da ke Cape Town, ya ƙulla alaƙa da baƙaƙen unguwannin Langa da Gugulethu yana taimakon iyalan waɗanda aka ɗaure. An tsare shi kwana 123, ya rasu a hannun 'yan sanda ranar 27 ga Satumba 1969, suka ce faɗowa ya yi daga matakala. Ahmed Timol, malamin makaranta, ya faɗo daga hawa na goma na hedikwatar 'yan sanda a Johannesburg a watan Oktoba na 1971, aka ce kashe kansa ya yi, sai a 2017 kotu ta sake bincike ta tabbatar kashe shi aka yi. Allah ya ji ƙansu. Duk lokacin da na ji an ce haɗin kan nan maganar 'yan boko ce, waɗannan mutane nake fara tunawa.

Steve Biko ya zo da wata dabara ta daban, wadda nake ganin ita ta fi kusa da amsa tambayarka. Ya yi karatun likita a sashen da aka ware wa waɗanda ba Turawa ba a Jami'ar Natal, tare da ɗalibai Indiyawa da Kalad, kuma a ƙungiyar ɗalibai ta SASO da suka kafa a ƙarshen shekarun 1960 akwai irin su Strini Moodley da Saths Cooper. Suka ƙi sunan da gwamnati ke kiran su da shi, wato waɗanda ba farare ba, domin suna ne da ke auna mutum da Bature. Suka ce baƙi shi ne duk wanda doka ta ware saboda launinsa kuma ya tsaya tare da sauran waɗanda aka ware, ko Bazulu ne, ko Ba'indiye, ko Kalad. Wanda kuwa ya zaɓi yi wa tsarin hidima, ko fatarsa ta kai gawayi baƙi, bai shiga wannan suna ba. Sharaɗi biyu ke nan, kuma na biyun zaɓi ne. An kashe Biko a tsare ranar 12 ga Satumba 1977.

Gwaji mafi girma ya zo a 1984. Gwamnatin P. W. Botha ta ƙirƙiro majalisa mai zaure uku: kujeru 178 na Turawa, 85 na Kalad, 45 na Indiyawa, baƙaƙe kuwa, waɗanda su ne mafi rinjayen jama'a, ko kujera ɗaya. Tayin a bayyane yake: ku karɓi ƙuri'a, ku bar su a waje. Ranar 20 ga Agusta 1983 aka ƙaddamar da gamayyar ƙungiyoyin adawa da wariya ta UDF a Mitchells Plain, unguwar Kalad, ta bi gida gida tana kiran a ƙaurace. Da aka yi zaɓen a watan Agusta na 1984, kimanin kashi 30 cikin ɗari na Kalad masu rajista ne suka fito, Indiyawa kuwa kimanin kashi 20. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, domin a nan talakawa ne, ba shugabanni ba, aka miƙa wa fifiko a hannu suka ƙi karɓa.

Amma gaskiya ba ta ƙare a nan ba, kuma ba zan ɓoye maka sauran ba. Shekara ɗaya bayan wannan ƙauracewa, a watan Agusta na 1985, rikici ya ɓarke a Inanda, aka kori iyalan Indiyawa, aka ƙona sansanin Gandhi. A zaɓen 1994 jam'iyyar National, wadda ta rushe District Six, ita ta ci yammacin Cape da ƙuri'un Kalad, kuma Indiyawa da yawa su ma ita suka zaɓa, saboda tsoron abin da mulkin masu rinjaye zai yi wa aikinsu da gidajensu. Sai kuma Yulin 2021 da ka tambaya. Bayan ɗaure tsohon shugaba Jacob Zuma aka shiga wawashe kantuna a KwaZulu-Natal da Gauteng, sama da mutum 350 suka mutu, 'yan sanda suka kasa. A Phoenix wasu mazauna suka tare hanyoyi da makamai da sunan kare dukiya, suka riƙa tsayar da mutane bisa launin fata, aka kashe mutum 36, mafi yawansu baƙaƙe, cikinsu har da masu wucewa kawai. Kisan wariya ne, babu wani suna da ya dace da shi. A waɗannan kwanaki an riƙa ambaton 1949 a kafafen sada zumunta, wasu don tsoratarwa, wasu don barazana, kuma abin ya faru ne a kan iyakokin da taswirar wariya ta shata. An soke dokokin, amma ba a kwashe unguwannin ba, ba a kuma cike ramin talaucin da ke tsakaninsu ba.

Kada kuma mu ɗauka matsalar ta tsaya tsakanin launi da launi. Najeriya ta tsaya wa baƙaƙen Afirka ta Kudu tsayuwar gaske: an kafa asusun tallafi a 1976 wanda ma'aikata da ɗalibai suka zuba kuɗi a ciki, kuma marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar. Duk da haka a watan Mayu na 2008 an kashe mutum 62 a hare-haren ƙin 'yan ƙasashen waje da suka faro daga unguwar Alexandra da ke Johannesburg, a watan Satumba na 2019 kuma sai da aka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya a jirgi. Masu dukan da waɗanda ake duka fatarsu ɗaya. Mai kantin da ake fasa wa shago yanzu ɗan Somaliya ne ko ɗan Habasha, yana tsaye daidai inda Ba'indiye ya tsaya a 1949, kusa da hannun mai fushi, nesa da inda aka yanke hukuncin talaucinsa.

Har a kurkukun tsibirin Robben sai da aka shigar da wannan tsani. Lokacin da aka kai waɗanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai a shari'ar Rivonia a 1964, Ahmed Kathrada, wanda shi ne ƙaraminsu, an ba shi dogon wando da safa saboda shi Ba'indiye ne, Mandela da Walter Sisulu da Govan Mbeki, waɗanda suka girme shi nesa, aka ba su gajeren wando kamar yara. A abinci ma Indiyawa da Kalad suna samun burodi, baƙaƙe ba sa samu. Mandela ya yi ƙorafi, sai wata rana ya tarar an jefa masa dogon wando a ɗakinsa. Da ya ga shi kaɗai aka ba, ya ce a zo a ɗauke. Fursunonin sashensu suka riƙa haɗa abincinsu suna rabawa, suna kuma matsa wa hukuma lamba tare, har bayan kimanin shekara uku aka ba kowa dogon wando, burodin kuwa ya ɗauki shekaru fiye da haka. Kathrada ya yi shekara 26 a ɗaure, 18 daga ciki a wannan tsibiri, ya fito a watan Oktoba na 1989 tare da Sisulu.